Kifaffen gida a Legas, tsohon zaure a Djougou: wanne zai kawo mana baƙi?

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina zaune a rumfar wani abokina a kasuwar Arzeke da ke nan Parakou, sai ga ɗan ƙanwata ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Ban gama amsawa ba ya miƙo mini waya.

"Kawu, don Allah dubi wannan."

Hotonsa ne. Ƙafafunsa na manne da rufin ɗaki, kansa na reto ƙasa kamar jemage, ga gado da kujeru da tebur a ƙarƙashinsa kowanne zaune daram. Na ce, "Subhanallahi, kai kuma me ya kai ka can?" Ya tuntsire da dariya, ya juya wayar. Sai na ga ashe shi a tsaye yake a kan ƙafafunsa, gadon da kujerun ne aka liƙa a sama.

Ya je Legas saro kayan waya ne, abokansa suka kai shi wurin shaƙatawa na Landmark da ke Victoria Island, inda aka gina wani gida aka kifa shi, rufi a ƙasa, gindi na kallon sama. Ya ce sai da suka bi layi, kuma kowa sai da ya biya kafin ya shiga. Tun da ya dawo lissafi kawai yake yi.

"Kawu, mi zai hana mu yi irinsa a nan? Jika guda kowane kai. Mutum ɗari a rana, ka lissafa ka gani."

Da na tambaye shi inda zai samo jari, sai ya sunkuyar da kai. A nan maganar ta daina zama abin dariya a wurina. Muna da gidan gado a Zangon Djougou, gidan kakanmu, kuma an fi shekara biyu ana ja-in-ja a kansa cikin dangi. Wasu na son a rushe zauren da katangar gaba a zuba shaguna, a sayar, a raba kuɗin. Rabon mahaifiyarsa yake hange.

Na ce masa ya ba ni mako biyu, kuma ya shirya zai raka ni wata tafiya.

Mene ne kifaffen gida?

Na fara da neman sanin abin da ya ɗauke masa hankali. Ashe ba sabon abu ba ne. Tun a babban baje kolin duniya da aka yi a birnin Paris a shekarar 1900 an gina wani katafaren gida a kife, mutane suna biya suna shiga. A Orlando ta Amurka akwai wani tun 1998. Wanda ya fi yin suna a Turai shi ne na ƙauyen Szymbark a ƙasar Folan, wanda wani ɗan kasuwar katako, Daniel Czapiewski, ya gina a 2007. Shi da manufa ya yi nasa: yana nuna yadda mulkin kwaminisanci ya juya rayuwar mutanen ƙasarsa, komai ya koma kai ƙasa ƙafa sama. Shekara guda bayan haka aka buɗe na Trassenheide a Jamus, a 2012 na Tamparuli a jihar Sabah ta Maleshiya. Afirka ta Kudu na da nata kusa da Hartbeespoort, Kolambiya ta samu nata a Guatavita a 2022.

Sirrin ginin ba mai wuya ba ne. Ana haƙa tushe mai ƙarfi a dasa ƙarafa, a ɗora ƙololuwar rufin a kansu, don dukan nauyin gidan a kan wannan ɗan tsinin zai zauna. Kayan ɗaki, daga gado har tukunya da takalmi, a ɗaure su da kusoshi a sama. Sannan da gangan ake ɗan karkata gidan. Ido na gaya maka abu ɗaya, abin da ke riƙe da daidaiton jikinka a cikin kunne na gaya maka wani, sai jiri ya kwashe ka. An ba da labarin cewa ma'aikatan da suka gina na Folan sai da suka riƙa tsayawa suna hutawa saboda jirin, aikin ya ja lokaci fiye da yadda aka tsara.

To, jirin nan da hoton nan su ne hajar. Ka shiga, ka ɗaga hannu, a ɗauke ka, ka juya hoton ka sa a Facebook ko TikTok, ka fita. Ba a kwana a ciki, ba a dafa abinci, babu wanda aka haifa a can. Shi ya sa ake dasa irin waɗannan gidaje a inda baƙi ke kwarara kullum, bakin teku ko gefen babban birni, saboda wanda ya shiga sau ɗaya da wuya ya sake biya. Legas na da miliyoyin mutane. Parakou kuwa a ƙidayar 2013 mutum dubu 255 da 'yan kai ne. In kowa ya ɗauki hotonsa a watannin farko, wa zai zo a shekara ta biyu?

Wannan tambayar na yi wa yaron a mota, muna kan hanyar Djougou. Ya ce, "Baƙi za su zo mana." Na ce to bari mu je mu ga abin da ke kawo baƙi ƙasar nan tun kafin a haife ka.

Gidan da shanu ke ƙasa, mutane a sama

Daga Parakou zuwa Djougou tafiyar kilomita 130 da wani abu ce. Ba mu tsaya ba, muka miƙa arewa zuwa Natitingou, daga nan muka karkata yamma muka hau duwatsun Atakora ta hanyar Boukoumbé. A Koussoukoingou muka sauka.

Duk ɗan ƙasar nan ya san hoton gidajen da ake kira tata somba, amma gani ya kori ji. Masu gidan suna kiran kansu Batammariba, gidan kuma takienta. Ginin ƙasa ne mai hawa biyu, dunƙulallun hasumiyoyi da aka haɗa da katanga, ƙofa ɗaya tak mai kallon yamma. Ka sunkuya ka shiga cikin duhu, nan ne makwancin dabbobi da kaji da wurin niƙa. Ka bi ta madafa ka haura tsani, sai ka fito fili a kan soro. A can sama rumbunan hatsi suke, da wurin shanya, da ƙananan ɗakunan kwana waɗanda sai ka shiga da baya, ƙafa ta riga kai.

Yaron ya tsaya a kan soron yana waige-waige. Can ya ce, "Kawu, ai wannan ma a juye yake. Mu tsakar gidanmu a ƙasa, su tasu a sama."

Ya faɗi gaskiya, sai dai juyin nan na da dalili. An yi ginin ne don tsaro. In mahara suka zo, iyali da dabba da abinci duk suna cikin ganuwa ɗaya, daga sama ake hango abokin gaba. Kowane lungu na gidan amsa ce ga wata matsala da mutanen suka rayu da ita. Kuma abin da ya fi burge ni, da na shafa bangon na tambayi abin da ke hana ruwa cinye shi, sai aka nuna mini ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a shafe ginin da ruwansa. Makuba ke nan, wadda maginan Kano da Zariya da Damagaram suka sani tun kaka da kakanni.

Hukumar UNESCO ta sa yankin Koutammakou na ɓangaren Togo cikin jerin kayan tarihin duniya a 2004, sannan a taronta na Riyad a Satumban 2023 ta faɗaɗa shi ya haɗa da ɓangaren Benin. A Koussoukoingou mutanen gari, da tallafin ƙungiyar Eco-Bénin, sun daɗe suna saukar da baƙi a gidajensu. Baƙo ya kwana a kan soro, ya ci tuwon gidan, ɗan gari ya zaga da shi. Mai girki ta samu, ɗan rakiya ya samu, mai gida ya samu abin yin yaɓe kafin damina.

A hanyar dawowa muka ratsa ta Taneka Beri, kusa da Copargo, ƙauyen bukkoki masu tulu a kan tsinin jinka, a jikin dutse. A nan na ga ɗaya fuskar abin. Wata mota ta sauke baƙi, kafin su yi sallama da kowa sun ɗaga kyamara a kan wani dattijo da ke zaune da doguwar lofarsa. Suka ba shi 'yan canji suka wuce. Raina bai so ba. In gidan da mutane ke zaune a ciki ya zama abin kallo, akwai haɗarin masu gidan su ma su koma kayan kallo. Kifaffen gidan Legas ba shi da wannan matsalar, tunda babu mai zama a cikinsa. Na gaya wa yaron haka, don kada ya ce na ɓoye inda nasa ya fi.

Lokaci bai yi daɗi ba

Akwai kuma abin da bai kamata mu rufe ido a kai ba. Gwamnati ta zuba kuɗi sosai a harkar yawon buɗe ido, amma galibin abin da ake gani a kudu yake. A Nuwamban 2021 Faransa ta dawo da kayan sarautar Abomey guda 26, aka baje su a fadar shugaban ƙasa a Kwatano a 2022, jama'a suka yi ta tururuwa. A shekarar ce aka ƙaddamar da mutum-mutumin jarumar Amazon mai tsawon mita 30. Ga Ouidah, ga Ganvié mai gidaje a kan ruwan tafkin Nokoué.

Mu a arewa, a da babban abin da ke jawo Turawa shi ne gandun dajin Pendjari. Tun ranar 1 ga Mayun 2019, da aka sace Faransawa biyu a can aka kashe ɗan rakiyarsu Fiacre Gbédji, harkar ta fara ja da baya, hare-haren da suka biyo baya a Atakora da Alibori kuma suka ƙara tsorata baƙi. Sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya ta daɗe a rufe. Kowa a Zangon Parakou ya san abin da wannan ya jawo: direbobin manyan motoci, 'yan kamasho, masu abinci a tasha, masu dako, duk sun ji a jikinsu. Yaron da ke neman abin yi a irin wannan hali ban ga laifinsa ba don ya yi mafarkin gida a kife. Laifin namu ne in ba mu nuna masa abin da ke hannunmu ba.

Zauren kakanmu

Da la'asar muka shiga Djougou, Zugu a bakin tsofaffinmu. Gidan na nan yadda na san shi, sai dai ya ƙara tsufa. Zauren ginin ƙasa ne, kaurin bangonsa ya kai kamu guda. Da jinka ce a kansa, daga baya aka sa kwano. Gefen gabas ya tsage, ruwan bara ya zaizaye gindin. Amma da muka shiga daga zafin rana sai sanyi ya buge mu kamar an buɗe randa.

Gwaggonmu, wadda ita ce babba a gidan yanzu, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofar ciki. Na ce mata, "Gwaggo, ga jikanki yana son a rushe zaure." Ta dube shi ta ce, "Kai ɗan nan, ka san ko su wa suka kwana a inda kake tsaye?"

Bai sani ba. Ni ma rabin labarin na sani.

Djougou da Parakou da Nikki zangon fatake ne a kan hanyar Gwanja. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato da jakuna ɗaruruwa, madugu na gaba, ɗauke da kanwa da baƙaƙen rigunan rini da fatu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya yada zango a nan kafin ya wuce Salaga, inda ake sayo goron da ke fitowa daga kurmin Asante. Tafiyar zuwa da dawowa kan ci wata da watanni, wani lokaci shekara. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan fatauci, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya bayyana a littafin da ya rubuta kan fataucin goro a 1980. Gidan Alhassan Ɗantata na Kano ma daga wannan sana'a ya taso. Bayan Ingila ta ci Asante da yaƙi a 1874, da yaƙin basasar da ya watsa Salaga a 1892, hanyar ta fara mutuwa. Jirgin ruwa da jirgin ƙasa suka ƙarasa ta. Layin dogo ya iso Parakou a 1936, ciniki ya koma kallon teku.

Waɗanda suka zauna ba su koma ba, su ne mu. Kalmar zango kanta, wadda yau ta zama sunan unguwa daga nan har Kumasi da Lome, ma'anarta ke nan: inda ayari ke sauka. Kuma zaure shi ne zuciyar abin. Nan mai gida ke saukar da baƙonsa, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Nan ake karatun allo da asuba, nan ake ɗaurin aure, nan ake zaman makoki. Kakanninmu sana'ar karɓar baƙi suka yi, tun kafin a san wani abu wai shi otal.

Gwaggo ta nuna mana ƙusar da ake rataye gafaka, da ramin da ake ajiye huhun goro don kada ya bushe. Ta kuma faɗi abin da ba kowa ke son ji ba, cewa ba goro da kanwa kaɗai suka bi ta hanyar nan ba, har da bayi. Na tuna ƙofar nan ɗaya tak ta gidan Batammariba, da dalilin da ya sa aka yi ta haka. In za mu ba da labarin hanyar nan, da wannan za mu ba da shi.

Yaron ya fito da wayarsa, wannan karon ba hoto ya nuna ba. Ya ce, "Kaka, sake faɗi daga farko, zan ɗauka."

Abin da za a iya yi

Ba na yaudarar kaina. Zaure ɗaya mai tsagaggen bango ba zai jawo motocin baƙi gobe ba. Mun kuma ga gidan tarihin sararin Allah da ke Parakou, wanda aka gina don nuna fasalin gidajen Batonu, yadda rashin kuɗin kulawa ya rage masa armashi. Gini kaɗai ba ya riƙe kansa, sai da mai ba da labari da mai share shi.

Amma akwai misalai a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Gidan Makama a Kano, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yau gidan tarihi ne. Gidan Ɗan Hausa ma haka. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 har yau masu nazarin gini na zuwa ganin bakan gizonsa. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin UNESCO a 2013. Masallacin Yaama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Duk ginin ƙasa ne.

Kuma baƙon da ya fi dacewa da mu ba lalle sai Bature ba. Duk shekara lokacin Gani mutane na cika Nikki da Djougou daga Najeriya da Togo da Kwatano. Akwai jikokin fatake a Kano da Kumasi da Accra da suka ji sunan Zugu a bakin kakanninsu ba su taɓa gani ba. Akwai 'yan makarantarmu da ke haddace tarihin sarakunan Abomey, ba su san dalilin da ya sa ake kiran unguwarsu Zango ba. Baƙon da zai je Natitingou dole ta Djougou zai wuce, yanzu mai kawai yake sha ya ƙara gaba.

Shi zaure kuma yana da wata fa'ida da ta warware damuwar da na taso da ita daga Taneka. Tun asali an gina shi ne don baƙo ya shiga ya tsaya nan. Cikin gida na iyali ne, babu mai leƙa shi da kyamara. Baƙo ya yi sallama, a amsa, ya zauna a tabarma, a ba shi ruwa da goro, a ba shi labari. Iyakar da kakanninmu suka shata ta isa.

Da dare na kira wani tsohon magini a unguwar ya duba tsagar. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bangon da sandarsa, ya ce, "Alhaji, ginin nan bai mutu ba, an dai ƙyale shi ne. A samo mini jar ƙasa da makuba da yara huɗu kafin ruwa ya sauka." Ya ƙara da cewa yaran ne matsala, don duk wanda ya koya wa aikin sai ya gudu wurin bulo da siminti.

Taron dangi sai bayan Babbar Sallah. Ban san yadda za ta kaya ba, don masu son shaguna ma suna da hujjarsu: akwai marayu a gidan, akwai kuɗin makaranta, kuma zaure ba ya biyan haya. Abin da zan kai gaban taron shi ne a yi shagunan a gefen katanga, a bar zauren, a ware wani abu daga hayar don yaɓensa duk shekara.

Ɗan ƙanwata bai fasa maganar kifaffen gidansa ba. A mota muna komowa ya ce in ya samu kuɗi nan gaba sai ya gina shi, ko da ƙarami ne, a hanyar Kwatano. Na ce Allah Ya ba da iko, ni ma zan biya jikata in shiga. Amma ya yarda ba da kuɗin zauren ba. Kuma cikin yara huɗun da magini ya nema, ya ce a rubuta sunansa.

In akwai tsohon zaure a gidanku, a Parakou ko Djougou ko Kandi ko Malanville, kuma akwai tsohon da ya san waɗanda suka kwana a cikinsa, ku je da waya ku ɗauki maganarsa tun yana da ƙarfin faɗa. Namu mun samu awa ɗaya da rabi a bakin Gwaggo, kuma ta ce ba ta kai rabi ba.